Laraba: ɗigo ɗaya ya cinye min yini

Tun da hantsi aka ɗauke wuta a Mabera, zafi kuma ba a magana. Na saɓa kwamfuta na tafi shagon Kawu, inda ko ba komai akwai sola da fanka.

Aikin ba wani babba ba ne: lissafin kayan shagon a JavaScript, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta. Na zuba gero, shinkafa da albasa cikin object (ma'ajin bayanai) guda mai suna `kaya`, kowanne da farashinsa, ina so in bi su ɗaya bayan ɗaya in haɗa jimilla. Na fara da `for...of`, umarnin zagaye mai bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, nan take kwamfutar ta tsaya da jan rubutu, wai abin ba "iterable" ba ne, wato ba irin wanda `for...of` ke iya bi ba ne. Wannan kam bai ba ni wahala ba, tunda ta nuna min layin da na yi kuskure. Na koma `for...in`, wani zagayen da ke bin sunayen da ke cikin object, yana sa kowanne a wani gurbi da na kira `suna`.

Daga nan ne rana ta ɓaci. Babu jan rubutu, babu ƙorafi, sai `undefined` (wato ba a samu komai ba) sau uku, jimilla kuma `NaN` (wato ba lamba ba ce). Na zargi farashin, na zargi intanet, har kwamfutar na kashe na kunna. Sai bayan la'asar na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na sa `console.log(suna)` cikin zagayen don ya nuna min abin da ke cikin `suna`. Sunayen suka fito daidai: gero, shinkafa, albasa. Ashe laifin yana layi na gaba, inda na rubuta `kaya.suna`. Ɗigon nan ba ya duba abin da ke cikin `suna`, kaya yake nema wanda sunansa "suna" harafi da harafi, kuma babu shi a shagon. Kamar ka ba yaro takarda ka ce ya kira wanda aka rubuta a ciki, shi kuma ya tsaya ƙofar gida yana ta kiran "Takarda! Takarda!" Na mayar da shi `kaya[suna]`, wanda ke duba abin da ke cikin `suna`, lambobi suka zubo.

Daga baya na sake rubuta shi da `Object.entries`, umarnin da aka ƙara wa JavaScript a 2017. Yana miƙo suna da farashi tare, ya fi kwanciyar hankali.

Kawu ya leƙo yana murmushi.

"Ɗana, wanga injin naka ya gama lissahin ko in ba ka littafina?"

"Ya gama, Kawu."

Ya buɗe littafin, muka duba tare. Jimillar ta zo ɗaya, sai dai tasa tun azahar ya rubuta ta da biro.