Kaset ɗin Ɗan Masani

Asabar da daddare. An ɗauke wuta tun magariba, da ragowar cajin waya nake wannan rubutu.

Da safe lafiya lau muka tashi. Maman yara ta yi ƙosai da koko, auta ta cinye nata ta hau na yayarta. Na goya babbar a mashin muka nufi cikin gari wajen Hajiya, tana ta ba ni labarin 'yan ajinsu muna dariya. Da muka zo Ƙofar Na'isa na rage gudu na ce mata wannan ba ita ce ta asali ba, ta asalin ginin ƙasa ce, an rushe ta a 2010 da za a faɗaɗa titi. Na ce da Maitama Sule Ɗan Masanin Kano yana raye, da shi zai ba ta labarin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ta leƙo ta gefen kafaɗata ta ce, "Abba, Maitama Sule ba jami'a ba ce?"

Har muka isa ban ƙara cewa uffan ba. Shekararta goma sha ɗaya, a ina za ta san shi? A allo ta ga sunan. Mu kuwa muryar muka sani. Mutumin da ya riƙe ministan ma'adinai da lantarki har zuwa 1966, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, amma in ya zauna ya ɗauko zancen Kano sai ka rantse tare da shi aka yi komai. Daga Barbushe a kan Dala, ya gangaro Bagauda, ya zo kan Gijimasu da fara ginin ganuwa, zuwan Wangarawa zamanin Yaji, Rumfa da Kasuwar Kurmi, har Dabo. Ba takarda a hannunsa. Bayan idonsa ya tafi ma zancen bai ragu ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya wasa da hirar Ɗan Masani a rediyo. Da ya ji an sako shi zai danna rakoda, kowa ya kama bakinsa, ko tari ka yi sai an harare ka.

Shi ya sa ko zama ban gama yi ba bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, ina kaset-kaset ɗin Baba?"

"Yau kuma? Suna ɗakin shirgi inda ka bar su."

"Suna nan lafiya dai?"

"Je ka gani da idonka. Ruwan bara ta nan ya shigo."

Gara ta cinye gindin kwalin. Guda goma sha huɗu na ƙirga, yawancinsu sun yi fumfuna, zaren ya manne da juna. A jikin wasu ana iya karanta ajamin Baba da jan biro. Ɗaya an rubuta Dala, ɗaya an rubuta Sarauta. Na tsuguna a wurin na daɗe, ƙura tana shaƙe ni.

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sau nawa na ce ka zo ka kwashe su? Tun rasuwar Ɗan Masanin nake faɗa maka."

Gaskiyarta. Ranar 3 ga Yuli 2017 aka ce ya rasu a Alƙahira, kuma a makon rasuwar na yi mata alkawarin zan kai su a juye min a kwamfuta. Ina cikin masu zagin waɗanda suke yankar ganuwa suna gina shaguna, ga shi abin da aka bar min amana a kwali ɗaya na kasa tsarewa. Wannan ne ya tsaya min a rai har yanzu.

Da muka dawo tsakar gida sai Hajiya ta shiga ba jikarta labarin yadda suke zuwa kallon hawan Daushe suna 'yan mata, da gidajen da suke bi ta cikin lungu har Ƙofar Kudu, tana kiran sunayen masu gidan ɗaya ɗaya. Na zaro waya a hankali zan ɗauka. Ta gani.

"Kai, ajiye min wannan abin. Ni Ɗan Masani ce?"

Daga nan ta ja bakinta ta yi shiru, ta koma tsince shinkafarta. Da na sani ban taɓa wayar ba.

Abincin rana dambu. Ban ci da yawa ba.

A hanyar dawowa tayar baya ta yi faci, muka tura har wajen mai faci.

Kaset uku zarensu da alamar rai, suna nan a leda kusa da ni. Kawu ya ce akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari da har yanzu yake da rakoda mai aiki. Litinin in Allah ya kai mu zan je, kuma da yarinyar zan tafi bayan an tashi daga makaranta. Ko minti biyar ne ya fito, ina so ta ji muryar.