Baranda da Tsakar Gida a Ginin Makaranta

Duk lokacin da aka tashi gina makaranta a Zariya, abin da ake fara lissafawa shi ne yawan ajujuwa, ba kasafai ake tambayar ta ina ɗalibai za su bi idan an kaɗa ƙararrawa ba. A ganina, wannan tambayar ce ya kamata mai zanen gini ya fara amsawa, domin yaro ba a kan benci kaɗai yake wuni ba.

Akwai makarantun kuɗi da yawa da aka gina su a bene, da siririn lungu a tsakiya da ajujuwa dama da hagu. Irin wannan lungu duhu ne ko da rana tsaka, iska ba ta ratsa shi, idan kuma bazara ta kankama a watannin Maris da Afrilu, ga ba wutar lantarki, sai ka tarar da yara suna fifita da littattafansu. Da an tashi, kowa ya nufi matakala guda, ƙananan su ne ke shan matsa.

Tsarin da ya dace da yanayinmu ba ɓoyayye ba ne. A jera ajujuwa layi ɗaya, tagoginsu na kallon kudu da arewa, ta yadda ranar hantsi da ta la'asar za su faɗa wa gajeren bango, iska kuma ta shiga ta nan ta fita ta can. A gabansu a shimfiɗa baranda mai faɗi, wadda za ta tare rana da feshin ruwan damina, ta kewaye farfajiya mai inuwar darbejiya. Wannan dai shi ne tsarin gidan Bahaushe, inda zaure ke tace masu shigowa, tsakar gida kuma ke haɗa ɗakuna.

Misalin da ya fi burge ni yana nan Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello. A tsakiyar shekarun 1970, Steven Ehrlich, Ba'amurken da ke koyar da zanen gine-gine a jami'ar, ya tsara dandalin koyon wasan kwaikwayo da ginin ƙasa: zagayayyun ɗakuna sun kewaye fili, kuma filin shi ne wurin darasi.

Sai dai buɗe gini ba ya nufin rushe bango gaba ɗaya. An gwada makarantu marasa bango tsakanin ajujuwa a Ingila da Amurka a shekarun 1960 da 1970, daga baya da yawansu suka mayar da bangon saboda hayaniya. To balle a nan, inda aji guda ke biya karatu da ƙarfi, ga kuma ƙurar hunturu. Aji yana bukatar ƙofa da tagar da za a iya rufewa. Hanyoyin zirga-zirga su ne ya kamata a bar su a buɗe. Idan ginin bene ne, a yi masa matakala biyu nesa da juna, a kuma tanadi gangare tun daga bakin ƙofar shiga saboda ɗalibi mai keken guragu.