Kafin ka yage yadin tsohuwar kujerar Italiya, juya ta ka duba ƙasanta

Ƙannena da kuka shigo harkar kayan gwanjo a arewacin Italiya, masu kwashe kayan gidajen da aka tashi da masu loda kwantena zuwa Tema ko Kwatano ko Legas, da ku nake. A cikin tarkacen da ake ba ku ku fitar, akan samu kujerun falo na shekarun 1950 da 1960 waɗanda guda ɗaya za ta iya fin duk sauran kayan motar kuɗi. Ba sa ɗaukar ido. Yadi ya koɗe, soso ya mutu, ƙafafu sun yi tsatsa. Ni na lalata irinsu da hannuna ina ganin gyara nake yi, shi ya sa nake so ku san abin da kuke ɗauka kafin ku sa masa almakashi.

Ku fara sanin inda suka fito. Bayan yaƙin duniya na biyu, Milan na sake gina kanta, masu zanen gine-gine kuma ba su tsaya ga bango da rufi ba, har kujerar da za a zauna a kai suka riƙa zanawa. Arewa da birnin akwai yankin Brianza, garuruwa irin Meda da Cantù da Lissone, inda kafintoci suka gaji sana'a iyaye da kakanni. A Meda ne 'yan'uwa biyu, Cesare da Umberto Cassina, suka kafa kamfaninsu a 1927. Mai zane ya zo da takarda, kafinta ya ce masa wannan gaɓa ba za ta ɗauki nauyin mutum ba, su yi ta gardama har kujera ta fito. Haka Gio Ponti ya yi da Cassina kafin Superleggera ta fito a 1957, kujerar katako mai nauyin kilo 1.7 kacal, wadda aka yi tallarta da hoton yaro ya ɗaga ta da yatsa ɗaya.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce Lady, ta Marco Zanuso. Wasu ma'aikatan Pirelli, kamfanin taya, suka ga sosan roba da ɗamarar roba mai talewa za su iya maye gurbin gashin doki da sifirin da aka saba cusa wa kujera. Daga nan aka samu kamfanin Arflex, Zanuso kuma ya zana musu Lady, ta ci lambar zinariya a baje kolin Triennale na Milan a 1951. Gaɓa huɗu gare ta: mazauni, majingina da gefe biyu, kowace an lulluɓe ta daban sannan aka haɗa, duka a kan siraran ƙafafun ƙarfe. Kyawunta yana cikin lanƙwasar gefen nan, siriri ne a inda hannu ke sauka, ya faɗaɗa a baya.

Guda biyu irinta suka faɗo hannuna daga wani gida kusa da Monza. Da na danna mazaunin, wani gari rawaya ya zubo ƙasa kamar garin kuli-kuli, don tsohon sosan roba idan ya shekara haka yake bushewa ya marmashe. Na ce sun mutu, bari in raya su. Na yage yadin, na ɓamɓare ƙyallen ƙasa na jefa a shara ba tare da na duba abin da ke manne a jikinsa ba, na goge ƙafafun na fesa musu fentin zinariya, na cusa soso mai kauri don su yi taushi irin yadda ake so a gida. Da wani tsohon mai ɗinkin kujeru da nake yi wa aiki lokaci-lokaci ya gan su, bai yi faɗa ba. Ya shafa gefen da tafin hannu, ya tambaye ni ina tambarin da ke ƙasa. Ya ce soso kam dole a sauya shi, kowa ma yana sauyawa, yadi ma masu saye sukan yafe. Amma na kumbura kujerar har siffarta ta ɓace, kuma na jefar da shaidar da za ta nuna wa ya yi ta. Kuɗin kujerar talakawa aka ba ni, shi ma bayan na raba su na sayar ɗaya-ɗaya, alhali masu tara irin waɗannan kaya biyu a haɗe suke nema.

Saboda haka idan kujera ta zo hannunka, kifar da ita tukuna. Duba ƙasanta da fitilar waya. Nemi tambari na takarda ko na ƙyalle ko na ƙarfe, da lambar da aka buga a katako, da rubutun fensir na kafinta. Ɗauki hoto ta kowace fuska kafin ka kwance ko noti ɗaya. Idan dole ka cire yadi, ka farke ɗinki a hankali, ka ajiye tsohon yadin a leda, domin shi ne zai zama ma'aunin mai ɗinki kuma shi ne shaidarka. Katako kuwa kada ka kai masa samfefa. Duhun da hannayen mutane suka bari a kan madafar kujera cikin shekara sittin ba datti ba ne a wurin mai saye, shi yake biya wa kuɗi. Ƙyalle mai laushi da ɗan kakin goge katako sun isa.

Bayan wannan asara sai na faɗa ɗaya ɓangaren, na koma kowace kujera mai siraran ƙafafu ina ganin dukiya ce. Wani dillali a kasuwar tsofaffin kaya ya nuna mini wata mai majingina kamar fukafukai, ya ce ta Ponti ce, na biya ba tare da na nemi takarda ba. Ashe aikin wani shagon Brianza ne da babu wanda ya san sunansa. A zamanin nan shaguna da yawa suna kallon hotuna a mujallar Domus, wadda Ponti ya kafa a 1928, su yi nasu mai kama. Ku saurari dillali da kyau. Wanda ya ce wane ne ya zana, daban yake da wanda ya ce ana danganta ta da wane, shi ma daban yake da wanda ya ce irin salon wane ce, kuma tsakanin farashin ukun akwai tazara mai nisa. Magadan Ponti suna da ma'ajiyar takardunsa a Milan, suna ba da takardar shaida ga abin da suka tabbatar nasa ne, manyan gidajen gwanjo kuma ita suke nema. Suna ne ke ɗaga kuɗi a wannan kasuwa: a 2005 an sayar da wani teburi na Carlo Mollino, mutumin Turin, a kan dala miliyan 3.8 a gwanjon Christie's na New York. Inda suna ke da irin wannan tsada, masu liƙa shi a kan abin da ba nasa ba ba za su rasa ba.

Ba ina raina kujerun da ba su da suna ba ne. Wadda na saya ɗin tana nan a ɗakina, haɗin katakonta ko motsi ba ya yi, kuma a ganina ta fi yawancin sababbin da ake sayarwa yau. Ka saye ta a kuɗinta kawai.

Akwai kuma waɗanda ake sake ƙerawa yanzu bisa izini. Cassina na fitar da Lady sabuwa, haka ma Luisa ta Franco Albini, wadda ta ci lambar yabon zanen kayayyaki ta Italiya, Compasso d'Oro, a 1955 lokacin da shagon Poggi na Pavia ke yin ta. Kamfanin Molteni na fitar da wasu kujerun Ponti. Ba jabu ba ne, amma ba su ne na farko ba, kuma kasuwarsu daban. Kujerar P40 ta Osvaldo Borsani, mai kwantawa da miƙewa, wadda kamfanin kayan ɗaki na Italiya mai suna Tecno ya fara yi a tsakiyar shekarun 1950, ita abin dubawa a jikinta shi ne ƙarfen da ke juya majingina. Idan an yi masa walda ta gaggawa ko an sauya shi, darajarta ta ragu sosai.

Wanda kuma ya yi niyyar aika irin wannan kujera gida, ya yi tunani sau biyu. Zafin kwantena yana ƙarasa tsohon soso da ɗamarar roba, iskar hunturu kuma tana busar da katako har gaɓoɓi su saki, saƙar mazauni ta tsinke. Masu sanin kuɗinta suna Milan da Faris da Landan. Ka tura hotunanka, har da na ƙasan kujerar, ga gidajen gwanjo biyu ko uku, da yawansu suna ƙiyasta farashi kyauta, ka jira amsarsu kafin ka yanke shawarar inda za ta nufa.