Turancin aji ne ya cinye min murya, ba waƙa ba

Da muryata ta dishe, kowa waƙa ya ɗora wa laifi. Hajiyarmu ta ce na cika zaman sitidiyo, mai kiɗanmu ya ce ruwan sanyi ne. Na sha zuma da citta da kanumfari har suka gundure ni. Duk a banza, don abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya.

Likitan maƙogwaro ya zura 'yar kyamara ta hancina, ya nuna min wasu ƙulu-ƙulu biyu a kan tantanin muryata suna fuskantar juna, kamar kanta a hannun manomi. Ko zancen waƙa bai yi ba. Cewa ya yi, "Malama, da rana me kike yi da muryar nan?"

Koyarwa nake yi a wata firamare ta kuɗi, inda ko "zauna" ka ce wa yaro da Hausa sai an kira ka ofis. Likitan ya sa na yi masa magana da Hausa, sannan na yi yadda nake yi a aji. Ni kaina na ji bambancin. Ina juya harshe murya ta haye sama, wuya ya ɗaure, numfashi ya maƙale a ƙirji. Ga son lafazi ya fita tas irin na masu karanta labarai, ga hayaniyar yara, ga ƙurar alli da ta hunturu. Tantanin muryar mace yana kaɗawa kusan sau 200 a daƙiƙa in tana magana. In ta ɗaga murya ya zarce haka, kuma da ƙarfi gefunan suke bugun juna. Haka nake yi tun safe har azahar.

Abin da har yau yake ci min rai, bukukuwan da na soke ne. Na mayar wa mutane kuɗinsu, ina hutar da waƙar da ba ruwanta, ran Litinin kuma in koma aji in ɗora daga inda na tsaya. A gida har raɗa nake yi wai ina lallaɓa murya, ashe ita ma matse maƙogwaro take.

In kina waƙa, ki naɗi maganarki ta wajen aiki a waya ki saurara. In dishewar ta haura mako 3, ki bar mai shayi ki nemi likita.

Yanzu Turancina da harshen Kano nake yinsa, a muryata ta ainihi, da 'yar lasifika a ƙugu. Shugabar makaranta ta ce tana damun ajin kusa. Har yanzu muna kai ruwa rana.