Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fabrairun 1962, Watan da Kumbo Ya Ratsa Sararin Kano

Jama'a masu bibiyar wannan tarihi, a wannan makon za mu jingine zancen gida, domin ba za a gane shekarun da muke ba da labarinsu ba sai an san halin da duniya take ciki. Watan Fabrairun 1962 ya zo cikin azumin Ramadan, hunturu bai gama janyewa ba, Amurka da Tarayyar Sobiyet kuwa kowa na hararar ɗan'uwansa.

Ranar 7 ga wata takunkumin cinikayya da Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba wa Kuba ya fara aiki. Washegari 'yan sanda a Paris suka auka wa masu zanga-zanga kan yaƙin Aljeriya a bakin tashar jirgin ƙasa ta Charonne, aka rasa rayuka tara. Ranar 10 kuma aka yi musayar fursunoni a gadar Glienicke da ke gefen Berlin: Rasha ta saki Francis Gary Powers, matuƙin jirgin leƙen asirin U-2 da ta harbo a 1960, Amurka ta miƙa Rudolf Abel, ɗan leƙen asirin Sobiyet.

Babban labari shi ne na Talata, 20 ga wata. Sobiyet ta riga ta kai 'yan sama jannatinta Gagarin da Titov sun kewaya duniya tun 1961, Amurka tana baya. Da ƙarfe 3:47 na yamma agogon Najeriya, rokar Atlas ta ɗaga ɗan sama jannatin Amurka John Glenn daga Cape Canaveral cikin kumbon Friendship 7. Kowane kewaye minti 88 da ɗoriya ne, don haka tashar rediyo ɗaya ba ta jin muryarsa sai na 'yan mintoci. Shi ya sa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta jera tashoshi a faɗin duniya, wannan ta miƙa wa waccan. Ɗaya tana Zanzibar, ɗaya tana Kano. Da ya iso samanmu ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, aka amsa masa cewa iska ta yi mako guda tana kaɗawa. Abin takaici ne a ce yaranmu da yawa ba su taɓa jin wannan ba.

Matsala ta farko ta ɓullo a ƙarshen kewayen farko: ƙaramin bututun da ke hura iska don daidaita kan kumbon hagu da dama ya fara gardama, sai Glenn ya karɓi tuƙi da hannu.

Ta biyu ta fi tayar da hankali. A gindin kumbon akwai garkuwar da ke tare zafi lokacin dawowa. Ƙa'ida ita ce sai lemar sauka ta buɗe kusa da teku sannan a saki maƙallan garkuwar, ta sauko ta ja wata jaka da ke rage ƙarfin faɗuwa a ruwa. Sai ga sigina mai lamba 51 yana nuna wa injiniyoyi a ƙasa cewa an riga an sake ta. In haka ne, kumbon zai ƙone da mutumin cikinsa.

Dabarar da aka yi ita ce wannan. Rokoki uku na rage gudu suna ɗaure a kan garkuwar da madauri uku, kuma akan yar da su da zarar sun gama aiki. Aka umarci Glenn ya bar su, ko madaurin za su riƙe garkuwar har matsin iska ya danne ta. Wannan ma kasada ce, domin ɓaraguzan rokokin na iya fasa garkuwar in suna ƙonewa. Chris Kraft, mai kula da tafiyar, bai yarda da siginar ba, amma na gaba da shi suka yanke hukunci. A ganina kuskure ne da ba a fito fili an gaya wa Glenn dalili tun da wuri ba. Ransa ne a ciki.

Lokacin dawowa ya ga gutsattsarin wuta suna wuce tagarsa, amma garkuwar ba ta motsa ba. Bayan kewaye uku, awa 4 da minti 55, ya sauka a tekun Atlantika, jirgin ruwan yaƙi USS Noa ya ɗauko shi. Bincike ya nuna makunnin da ke aiko da siginar ne ya lalace, maƙallan suna nan daram.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga Maris da yarjejeniyar Evian da ta tsagaita wuta a Aljeriya.