Yadda gyara ɗaya yake bin tsofaffin rassan FreeBSD

A FreeBSD, wanda tsarin gudanar da kwamfuta ne irin Linux, duk wani gyara yana fara sauka ne a babban reshen rubutun manhajar, wato main. Daga nan ake ɗaukarsa a kai shi rassan da suka riga suka fita. Rassan iri biyu ne: akwai irin su stable/14 da stable/13, waɗanda ake ci gaba da yi wa ƙananan sauye-sauye muddin wa'adinsu bai ƙare ba, akwai kuma irin su releng/14.1, inda ainihin sigar da mutane suka ɗora a kan sabarsu (server) take zaune. Waɗannan na biyun ba a taɓa su sai da izinin masu kula da tsaro ko masu fitar da siga.

A ƙa'ida, gyaran yakan kwana aƙalla 3 a main tukuna, don in akwai wata ɓarna da zai jawo ta bayyana a can. Bayan haka mai gyaran zai koma tsohon reshe ya ɗauko shi da umarnin git cherry-pick -x (git ita ce manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen). Wannan -x ɗin yana da amfani ƙwarai, domin shi yake rubuta lambar asalin gyaran a cikin bayani, ta yadda wanda ya zo daga baya zai san inda abin ya fito.

In reshen bai yi nisa da main ba, nan take gyaran yake zama. Wahalar tana ga reshen da ya shekara 3 ko 4. Wataƙila an sauya wa fayil wuri, ko an sake sunan wani aiki (function) a rubutun manhajar da gyaran ya dogara da shi, ko kuma gyaran na buƙatar wasu sauye-sauyen da ba a taɓa kaiwa can ba. Sai mutum ya zauna ya sake rubuta shi da hannu. Mafi haɗari kuma shi ne gyaran da ya shiga lami lafiya, git bai yi ƙorafi ba, alhali abin da ke kewaye da shi ya bambanta. Shi ya sa dole a gina kowane reshe a gwada shi daban. Gwajin main ba ya wadatarwa.

Ga kuma alkawarin da reshen stable ya ɗauka: manhajar da aka gina a kan 13.0 ta ci gaba da aiki a sauran jerin 13. Saboda haka ba a yarda gyara ya sauya girman tsarin bayanan da wasu manhajoji suka dogara da shi ba. Masu rubuta FreeBSD kan bar guraben da babu komai a cikin tsarin bayanan tun kafin a yanke reshe, don irin wannan ranar.

A Yulin 2024, da aka gano ɓarakar tsaro a OpenSSH, manhajar shiga na'ura daga nesa, gyara ɗaya sai da ya bi aƙalla rassa 6: main, stable/14, stable/13, releng/14.1, releng/14.0 da releng/13.3. Kowanne da ginawarsa da gwajinsa. OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, shi ma ya nuna wani ɓangaren nauyin. FreeBSD 13 ya fito da OpenSSL 1.1.1, masu shi kuma suka daina kula da wannan sigar a Satumban 2023, reshen 13 yana da sauran shekaru a gaba. Ba za a iya cusa masa 3.0 ba tare da karya alkawarin da na ambata ba. Wanda ya duba wannan zai gane dalilin da ya sa aka sanar a 2024 cewa daga jerin 15 za a rage wa'adin reshe daga shekara 5 zuwa 4. A ganina shawarar ta yi daidai, domin akasarin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne.

Inda masu saba suka fi yin tuntuɓe shi ne wa'adi. Shekara 5 ɗin (ko 4 daga jerin 15) na reshen ne gaba ɗaya. Ƙaramar siga kamar 14.0 wata 3 kacal take samu bayan fitowar 14.1. A cikin waɗannan watannin ana gina ƙunshin manhajoji (packages) a kan tsohuwar sigar, don haka wanda ya yi saurin hawa sabuwa zai iya tarar da direban allo na drm-kmod ya ƙi tashi. Maganinsa a gina shi daga ports, wato tarin umarnin gina manhajoji na FreeBSD, a kan na'urar.

Don sanin inda kake, buga freebsd-version -kru. Zai nuna kanel (zuciyar tsarin) da aka ɗora, da wanda ke gudana, da sigar sauran tsarin. Kada ka dogara da umarnin uname kaɗai: in gyaran bai shafi kanel ba, tsohuwar lamba zai ci gaba da nuna maka. Gyaran tsaro kuwa freebsd-update fetch sannan install ne, kuma a kan RELEASE, wato sigar da aka fitar daga reshen releng, kawai yake aiki. Mai bin stable ba zai iya amfani da shi ba.

In za ka tsallaka daga 13 zuwa 14, fara ajiye madadin tsarin da bectl create in kana kan tsarin fayiloli na ZFS. Sai freebsd-update upgrade tare da -r da sunan sigar. Sau uku za ka buga freebsd-update install: na farko kanel ne, ka sake kunna na'ura, na biyu sauran tsarin. Daga nan pkg upgrade -f don sabunta ƙunshin manhajoji, sannan install na uku, wanda ke share tsofaffin laburare. In ka yi na ukun kafin sabunta ƙunshin, manhajojin da ke neman waɗancan laburaren ba za su tashi ba, sai ka ɗora compat13x, ƙunshin da ke dawo da laburaren 13, ko ka sake ɗora manhajojin.