Saniyar da nononta ke zuba da kansa

A duk garkena babu saniyar da na so kamar Tattabara. Ruwa biyu ce, uwa Bunaji, uba Firiziyan (irin shanun Turai masu yawan madara), na saye ta tana karsana a hannun wani dillali. Abin da ya sa take burge ni shi ne sauƙin tatsa: kana taɓa nonon madara ta kwararo, wani lokaci ma tana tsaye a turke za ka ga yana ɗiga ƙasa da kansa. In baƙi suka zo, ita nake fara nuna musu.

A haihuwarta ta biyu, tsakiyar damina, ɓangare ɗaya na hantsarta ya kumbura, ya yi tauri da zafi. Madarar ta fito da gudaji-gudaji, ruwa-ruwa, kalar ɗorawa. Aka yi allura ta warke, bayan wata biyu ciwon ya dawo. Ni kuwa na ɗora laifin a kan yaron da ke tatsa, na ce ba ya wanke hannu. Har yau ina jin kunyar faɗan da na yi masa.

Sai bayan 'yan shekaru likitan dabbobi ya sauya mini tunani. Ya zo da wani farin faranti mai gurbi huɗu, ya tatsi kowane nono a gurbinsa, ya zuba ruwan gwaji ya jujjuya. Na Tattabara ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Abin mamaki, 'yarta ta fari, wadda ido bai ga komai a jikinta ba, ita ma gurbi biyu suka yi yauƙi. Ya ce yauƙin nan ƙwayoyin jini ne masu yaƙi da cuta. In suka haura 200,000 a mililita ɗaya na madara, akwai ciwo a ɓoye ko da hantsa ba ta kumbura ba.

Na ce, "Likita, wato gado ne?"

Ya ce, "Alhaji, ba ciwon ake gado ba, ƙofar ake gado."

Ƙwayar cuta ce ke kawo ciwon, daga hannun mai tatsa ko daga caɓin turke, kuma ta ramin kan nono take shiga. Saniyar da bakin nononta ya saki, madara na fita da sauƙi, cuta na shiga da sauƙi. Hantsar da ta zazzago kusa da ƙasa ta fi kwasar kashi da taɓo. Waɗannan siffofi uwa da uba ne ke ba 'ya. Ga kuma abin da masu bincike suka daɗe da tabbatarwa: yayin da ake zaɓen shanu don yawan madara kaɗai, ciwon hantsa na ƙaruwa a zuriyar. Ashe abin da nake tinƙaho da shi gaban baƙi shi ne aibinta.

Na sayi littafi mai bango ja, na shiga rubuta kowace saniya da uwarta, da ranar da ta kamu. Cikin shekara uku, mafi yawan allurar da na saya a kan Tattabara da 'ya'yanta biyu ta ƙare. Tsofaffin Bunajina, masu hantsa ƙarama a ɗame, da ƙyar ake tatsarsu, yaron har yatsunsa ke ciwo, amma sau ɗaya tak ɗayarsu ta kamu.

Sai dai kada in cika baki. Rabon gado a wannan ciwo kaɗan ne, galibi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran tsafta ce da kulawa. Na ga haka da idona shekarar da na yi sakaci ban zuba yashi a turke ba, har Bunajin nan ta kumbura. Amma ɗan kaɗan ɗin nan taruwa yake yi daga zuriya zuwa zuriya. Makiyayan Norway tun 1978 suka sa ciwon hantsa cikin abin da ake dubawa wajen zaɓen bijimi, ta hanyar lissafin lafiyar 'ya'yansa mata, kuma ciwon ya ragu a jajayen shanunsu. Mu nan bijimi muke kallo, tozo da ƙaho, ba mai tambayar yadda hantsar uwarsa take. Yanzu ni ina tambaya, dillalai na yi mini dariya.

Yanzu a garkena, masu ciwo a ƙarshe ake tatsarsu, kuma da an gama tatsa sai a zuba dusa, don saniya ta tsaya a tsaye har bakin nonon ya rufe. Madarar wadda ke kan allura zubarwa muke yi, tun ranar da uwargida ta kafa kindirmo da ita ya kwana bai kama ba.

Tattabara na sayar wa mahauta bara, bayan nono biyu sun mutu. Jikarta ɗaya na bari, wadda ta ɗauko hantsar dangin ubanta. Watan gobe za ta haihu, na riga na buɗe mata shafi a littafin.